Umma, Gari Ya Waye?



Duk wadda ta taɓa karanta littattafaina ta san yadda nake rubuta safiyar sallah. Tauraruwar labari ta farka ƙarfe 7 a kan lallausan gado, ta shiga wanka ta fito tana ƙamshi, mai aiki ta riga ta jera abinci a kan tebur, sai ga yara sun shigo fes-fes cikin shadda, su durƙusa su ce, "Momi barka da sallah." To yau zan faɗa muku gaskiya tsakanina da Allah, ban taɓa ganin wannan safiya da idona ba, ko a gidana ko a gidan wani. A gidana da ke Gummi safiyar sallah tana farawa ne wajen ƙarfe 3 na dare, da wani ɗan yatsa yana ɗaga mini fatar ido, da murya a cikin kunnena: "Umma, gari ya waye?"

Ku tuna fa, mai wannan fatar ido ba ta kwanta ba sai wajen ƙarfe 1. Ta soya cincin, ta soya kaji, ta kwaɓa ƙullun waina, ta tsaya a kan mai kitso, ta ƙunsa wa 'yan mata lalle ta ɗaure musu ƙafa da leda da tsumma, ta yi faɗa da tela ta bakin ɗan aike har sau uku. Sai ta ɗan runtsa, sai a zo ana tambayar ta ko gari ya waye.

In za a bi gaskiya ba laifinsu ba ne. Kwana 29 ko 30 ke nan ana tashi sahur wajen ƙarfe 4, ana kwaramniyar kwanoni, samari masu buga gwangwani suna zagaya unguwa suna tashin mutane. Kuma yaron da bai isa azumi ba shi ya fi kowa son sahur, zai tashi ya sha kunu ya rantse yau sai ya kai, kafin azahar a kama shi a bayan randa. To jikin da ya saba farkawa a wannan lokaci wata guda cur, ta yaya za a ce masa yau babu? Ga ɗokin sabon kaya a kai. Tun da aka ji sanarwar Sarkin Musulmi a rediyo cewa an ga wata, hankalin yaro ya bar jikinsa ya koma cikin akwatin da aka kulle kayan. A babbar sallah babu sahur, amma akwai rago, shi kuma rago bai san dare ba, da ya yi kuka sau ɗaya sai ka ji ƙafafu sun nufi turke.

Ni ma haka na yi, ba zan ɓoye ba. A Anka aka haife ni, tun muna cikin jihar Sakkwato, kafin a yanke Zamfara a 1996. Ina tuna daren sallah a tsakar gidanmu, ni da ƙanwata a kan tabarma ɗaya, ƙafafunmu a ɗaure da lalle, muna sauraron kiɗa daga wajen fadar Sarkin Zamfara, muna gardamar wa zai riga wani ganin dawaki gobe. Innarmu, Allah Ya jiƙanta, ba ta da doguwar magana. Da mun motsa sai ta ce, "Wadda duk tat tashi kahin assalatu, kayanta na ba ɗiyan maƙwabta." Mun san ba za ta ba su ba, amma sai mu lafe, ido biyu, muna ƙirga carar zakara.

Da na samu nawa 'ya'yan sai na gwada wannan barazana, ashe zamaninta ya wuce. Babbar 'yata ta dube ni ta ce ai kayan ba za su yi wa 'yar maƙwabta ba, ta fi ta tsawo. Na gwada cewa sai ladan ya kira sallah, na manta kira biyu ake yi, da an ɗaga na farko sai ga su a kaina su huɗu kamar masu bin bashi. Na gwada barin su su yi ta wasa har tsakar dare don su gaji, suka tashi a lokacin da suka saba, sai dai a ranar da kuka muka je idi da kuka muka dawo. Wata ƙawata ta ba ni shawarar in ɗura musu maganin mura mai sa barci tun bayan isha'i, wai ita haka take yi ta huta. Wannan kam ban yi ba, kuma ina roƙon duk mai yi ta ji tsoron Allah ta bari, ba a ba yaro mai lafiya magani don uwa ta samu barcin awa biyu. Abin da na fi yi, in faɗi kunyata, shi ne tsawa, wani lokaci har da dundu. Sau da yawa hannuna ya riga bakina yi wa 'ya'yana barka da sallah.

Wadda ta fara taka mini birki wata gwaggon maigidana ce, a ƙaramar sallar 2010. Wannan ita ce shekarar da gubar dalma ta auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Maza su haƙo duwatsun zinariya su kawo gida, a daka a niƙa a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ƙura ta bi abinci ta bi ruwa ta bi hannun da yaro zai kai baki. Yara fiye da 400 suka rasu, akasari 'yan ƙasa da shekara 5, kafin likitocin nan na ƙungiyar MSF da sauran masu taimako su shawo kan abin, a kankare ƙasar gidaje a zuba sabuwa. Gwaggo daga wancan yanki ta zo mana, ta binne jikoki biyu a tsakanin 'yan makonni. Da daren sallah ta kwana a ɗakina. Wajen ƙarfe 3 ɗana na biyu, yana ɗan shekara 4 a lokacin, ya zo ya fara jan zanena yana neman hularsa, na ɗaga hannu zan kai masa, sai na ji an riƙe ni cikin duhu. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, bar shi. Mu can tada su muka yi ba su tashi." Ba ta ƙara komai ba, ta jawo yaron ta ɗora a cinya tana ba shi labarin gizo har aka kira sallah.

Zan so in ce muku tun daga ranar na shiryu, amma ƙarya ce. Na yi sanyi shekara ɗaya ko biyu, daga baya gajiya ta mayar da ni gidan jiya. Sai dai a hankali na gano wata dabara wadda ta fi tsawa aiki, wato yaron da ya riga ya farka ba a mayar da shi barci, aiki ake ba shi. Sai na daina auna zakkar kono da rana, na bar ta sai wannan lokaci. In sun tashi sai in kunna fitila, in shimfiɗa tabarma, in jawo buhun gero ko na shinkafa, tunda Gummi garin shinkafa ne, in ce to a zo a ƙirga mutanen gida. Kowane mutum mudun Annabi 4, babba da yaro, har jaririn da ke goye. Wannan ya auna, wancan ya riƙe bakin leda, wata ta ƙirga, a yi kuskure a juye a sake. Kafin a gama na mutum goma sha wani abu an ci awa guda babu kuka. Bayan sallar asuba kuma su ne 'yan aike, kowa ya ɗauki ƙullinsa ya kai gidan da aka ce, don a samu a ba da ita kafin a tafi idi. Sannan a kwance lalle a wanke, sannan a ci abinci, tunda a ƙaramar sallah sunna ce a ci wani abu kafin a fita, ko da dabino ne. Wanka sai daga baya, kaya kuwa su ne ƙarshe. Wadda duk ta sa wa yaro farar shadda ƙarfe 4 na dare, ta shirya ganin taswirar miyar taushe a gabanta kafin ƙarfe 6. Abin da na yarda da shi kawai shi ne in buɗe akwati kowa ya ga nasa, ya shafa, ya shinshina, in mayar in kulle, in ɗaure ɗan makulli a bakin zane.

A haka muke tafiya har shekarar 2022.

Ƙanwar nan tawa da muke kwana tabarma ɗaya, aure ya kai ta wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum. Daga 4 zuwa 6 ga Janairun 2022 'yan bindiga a kan babura suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna harbi suna ƙone gidaje. Mutanen yankin suka ce an rasa rayuka kusan 200, gwamnatin jiha ta ce 58. Ni dai mutum ɗaya na sani da kyau a cikinsu, mijin ƙanwata. Ita ta tsira da 'ya'ya biyu, ta kwana a daji da su, ta iso Anka da ƙafa, ta zauna a gidan wanmu, cikin garin da ya riga ya cika da 'yan gudun hijira har a ginin sabuwar fadar sarki da ba a ƙarasa ba. Sallah ta kama ranar Litinin 2 ga Mayu, ita kuwa saura mata kwana goma sha ɗaya ko sha biyu ta fita takaba, babu kwalliya babu tafiya. Sai ta aiko mini da yaran ana saura kwana uku, ta ce su zo su yi sallah cikin 'yan uwansu, kada su zauna suna kallon ta. Namijin ɗan shekara 6, muna kiransa Baba Ƙarami saboda sunan mahaifinmu gare shi, ƙanwarsa kuma ba ta cika 3 ba.

Yaro ne mai shiru, ba ya ƙiriniya, in an ba shi ya ci, in an ce kwanta ya kwanta. Har na riƙa yi wa nawa gori da shi, ina cewa ku dubi ɗan uwanku. Allah Ya yafe mini.

Da yake a ƙurarren lokaci suka zo, ɗinkinsu ya makara. Tela ya rantse wa maigida cewa ko ƙarfe nawa ya gama zai aiko. Zafi ake yi irin na bazara, babu wuta, duk muna kwance a tsakar gida. Can cikin dare na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, aka buga ƙyaure, maigida ya tashi ya je ya karɓo, suka ɗan yi magana ƙasa-ƙasa da yaron tela don kada su tashi mutane. A daidai lokacin kuma wasu 'yan samari a bayan layi suka fasa abin wasan nan mai ƙara da ake kira nokawut, tau! tau! sau uku ko huɗu. Na ja tsaki na juya na ci gaba da barcina.

Ban san ko minti nawa aka yi ba sai ga Auta, kamar kullum, da ɗan yatsansa a idona. "Umma, gari ya waye? An kawo kayan?" Na daka masa tsawa, na tashi zaune ina laluben tocila don in mayar da shi shimfiɗarsa. Da na haska sai na ga tabarmar baƙina babu kowa.

Gabana ya faɗi. Na duba ɗaki, na duba banɗaki, na duba madafa. Sai a lungun da ke tsakanin rumbu da katanga na same su. Baba Ƙarami yana tsugune, ya sa tsohuwar rigarsa, ya sa takalmansa, ya sa wa ƙanwarsa nata har ya juya mata ƙafa, ya rungume ta a ƙirji, tafin hannunsa a kan bakinta. Ita kuma ba ta ko motsi, idanunta a buɗe tar, kamar wadda ta san dokar. A gefensu ga 'yar ledar da suka zo da ita, ya cusa kayansu a ciki, har da wani guntun ƙosai da ya rage na buɗa baki.

Na ce, "Baba, me kake yi a nan?"

Ya yi mini alama in kashe tocila. Da raɗa ya ce, "Inna, sun taho. Na ji mashin, na ji halbi. Ki tada su mu tahi, ta bayan gida za mu bi."

Wallahi 'yan uwa, na rubuta mutuwa a littafi ta fi a ƙirga, na kashe iyaye na kashe masoya, na sa masu karatu kuka har suna aiko mini da wasiƙa, amma a daren nan na rasa kalma ɗaya da zan faɗa wa ɗan shekara 6. Ga Auta a bayana yana ta tsalle yana tambayar ko takalminsa mai fitila ne. Su biyun tsiransu wata bakwai ne, kuma duk babur ɗin nan ɗaya ne ya tashe su.

Na fara da cewa babu komai, ka koma ka kwanta. Ya dube ni kallon da ake yi wa wanda bai san duniya ba, na gane wataƙila an taɓa faɗa masa haka a wani dare. Sai na bar maganar. Na kira maigida, na ce ya kawo ledar ɗinkin. Na kunna fitilar ƙwai na ajiye a tsakiyar gida, na tashi sauran yaran da kaina, abin da ban taɓa yi ba tunda nake. Maigida ya tsuguna a gabansa ya ce, "Baba, mai mashin ɗin nan yaron tela ne, ga abin da ya kawo maka." Ya warware 'yar shadda ruwan toka da hula. Yaron ya kalli kayan bai taɓa ba. Ɗana na biyu, wanda Gwaggo ta ceta daga dundu, a lokacin ya zama saurayi, sai ya fita ya samo ragowar nokawut ɗin a wajen abokansa, ya kawo ya nuna masa a tafin hannu, ɗan abu kamar guntun alli. Baba Ƙarami ya jujjuya shi ya shinshina, ya ce, "Wanga shi ka wannan ƙara?" Aka ce shi ne. Sai a lokacin ya sauke hannunsa daga bakin ƙanwarsa, ita kuwa kamar jira take, ta ɓarke da kukan da ta riƙe.

Na jawo buhun gero na ce to yau Baba ne mai awo. Muka fara ƙirga mutanen gida, ana kiran suna yana zuba huɗu-huɗu, hannunsa na rawa gero na zuba a tabarma, ban ce masa komai ba. Da aka gama da mu, aka yi nasa da na ƙanwarsa, na ce a yi na innarsu da ke Anka. Ya auna. Sai ya tsaya da mudu a hannu ya ce, "Saura na babanmu." Maigida ya buɗe baki zai yi bayanin cewa ba a fitar wa wanda ya rasu, na girgiza masa kai. Na ce auna, wannan sadaka ce, ladan zai same shi. Ya cika mudun har yana tsiri, sau huɗu, ya ƙulle da kansa, ya ce shi zai kai. Bayan asuba ya kai wa wata tsohuwa makauniya a ƙarshen layinmu. Ya yarda ya yi wanka, ya yarda ya sa shaddar, amma sabon takalmi ya ƙi, ya ce tsohon ya fi daɗin gudu. Da shi ya je idi.

Da ƙanwata ta fita takaba ta dawo Gummi kusa da mu, tana 'yar sana'ar ƙuli-ƙuli, yaran kuma kusan a gidana suke. Tun daga wannan shekara na ƙara abu ɗaya a shirin daren sallah. Bayan isha'i nakan tara su duka in faɗa musu abin da za su ji cikin dare: za a buga ƙofa, ɗan aike ne, za ku ji babura, masu karɓo ɗinki ne, za ku ji ƙara, 'yan bayan layi ne, za ku ji ni a madafa, waina ce. Nawa suna dariya suna cewa Umma ta fara sanarwa, shi kuwa yana saurare da kyau, wani lokaci ya tambaya, "In ba su ba ne fa?" Ba na ce masa ba zai yiwu ba, don ya fi ni sanin yana yiwuwa, kuma har yanzu hanyoyinmu ba su zama na kwanciyar hankali ba. Nakan ce in ba su ba ne ni zan tashe ka, ba kai za ka tashe ni ba, wannan aikin manya ne. Maigida kuma ya bi iyayen 'yan bayan layi gida-gida ya roƙe su a bar fasa nokawut da dare, wasu suka ji, wasu suka ce ai sallah ce.

A 2023 ya kwana da takalmi a ƙafa. A 2024 ya cire, amma ya sa su a ƙarƙashin matashin kai, kuma da na tashi ƙarfe 3 na same shi zaune shiru yana gadin ƙofa.

Sallar 2025 ta kama ranar Lahadi 30 ga Maris. Na kwanta wajen ƙarfe 1 kamar kullum, bayana kamar zai tsage. Ban yi nisa ba na ji hayaniya a kaina, ana ture-ture ana jan abu. Na buɗe ido na haska tocila, ƙarfe 3 da 'yan mintoci. Auta ne da Baba Ƙarami, sun lallaɓo sun kwance ɗan makulli daga bakin zanena ban ji ba, sun buɗe akwati, kowa ya riƙe gefen hula ɗaya yana ja. Baba Ƙarami ƙafarsa babu takalmi, muryarsa har maƙwabta.

"Inna, ki hwaɗa mai tawa ta! Tashi mai zanen kore ta, wagga tawa ta!"

Na ji tsawar ta taso mini har maƙogwaro. Maigida daga shimfiɗarsa ya ce, "Ba za ki yi musu magana ba? Mutane na barci."

Na ce, "Bar su tukuna." Na tashi na jawo buhun gero.